Idan Ayyuka Sun Yi Maka Yawa: Yadda Ake Daidaita Jerin Ayyuka da Lokacin da Ake da Shi

Jerin ayyuka kan fara ne da layi biyar ko shida, a kwana a tashi sai ya kai sittin. Daga nan mai shi yakan daina buɗe shi, domin ganinsa kaɗai yana tayar masa da hankali. Sai ya koma yin duk abin da ya fara faɗo masa a rai, ko abin da wani ya fi matsa masa a kai. Akan ɗora laifin a kan kasala, amma idan aka zauna aka duba irin wannan jeri da kyau, matsaloli biyu ake tararwa. Ta farko, yawancin abubuwan da aka rubuta ba a fayyace su ba, har mai rubutun bai san ta ina zai fara ba. Ta biyu, wadda ita ce babba, awannin da ayyukan ke buƙata sun fi awannin da mutum ke da su. Babu manhajar da za ta gyara wannan ta biyun. Sai an yi lissafi, sannan a rage.

Tattara komai wuri guda

Ka ware awa ɗaya zuwa biyu, ka ɗauki takarda da biro ko ka buɗe shafi ɗaya a kwamfuta, ka rubuta duk abin da ke jiranka, kowanne a layinsa. Kada ka tsaya tantance babba da ƙarami. Ka fara da abin da ke cikin kanka. Idan ya ƙare, ka bi sauran wuraren da ayyuka ke maƙalewa: imel ɗin da ka karanta ba ka amsa ba, saƙonnin waya, takardun da ke kan tebur da cikin jaka, abin da ka rubuta a wajen taro, da alkawuran da ka ɗauka da baki kana tafe. Ka kuma duba kalanda, mako biyu baya da mako huɗu gaba, domin kusan kowane taro da ya wuce ya bar wani aiki, kuma kowane mai zuwa yana buƙatar shiri.

Dalilin wannan wahala shi ne kai ba ya iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda. A 2001 masanin halayyar ɗan Adam Nelson Cowan ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci ɗaya bai wuce kamar guda huɗu ba. Wanda ke ƙoƙarin riƙe ayyuka arba'in a ka, abin da yake yi kawai shi ne tunawa da mantawa, kuma tunawar takan zo ne a lokacin da ba zai iya yin komai a kai ba. A 2011 kuma E. J. Masicampo da Roy Baumeister sun gano cewa aikin da ba a gama ba yana kutsowa cikin tunani ya hana mutum mayar da hankali kan abin da ke gabansa, amma da zarar ya rubuta takamaiman yadda zai yi shi, kutsen yakan lafa, ko da bai taɓa aikin ba tukuna.

Abu biyu ke lalata wannan mataki. Ɗaya shi ne fara yin ayyukan ana cikin tattarawa: ka ga imel, ka ce bari ka amsa, minti arba'in ya tafi, jerin kuma bai kammala ba. Ɗayan shi ne ɓata lokaci wajen zaɓen manhaja. Littafin rubutu ya isa, Todoist ko Google Tasks ko Microsoft To Do ma sun isa. Sharaɗin kawai shi ne wurin ya zama ɗaya, kuma ya kasance tare da kai kullum. Wanda ke da jeri a waya, wani a littafi, wani a takardun da ya manna jikin kwamfuta, ba zai amince da ko ɗaya daga ciki ba, sai ya koma dogaro da kansa.

Mayar da kowane layi abin da hannu zai iya yi

Yanzu ka bi jerin layi-layi. Za ka tarar da abubuwa irin su «rahoton ƙarshen wata», «maganar mota», «neman aiki», «haraji». Waɗannan kanun magana ne kawai. Duk lokacin da idonka ya kai kansu sai ka sake tunanin me ake nufi da yi, kuma wannan tunanin ne ke sa ka tsallake su ka nemi mai sauƙi.

Kowane layi ya ƙunshi abu uku: abin da za a yi, a kan me ko da wa, da kuma yadda za a san an gama. «Maganar mota» ta koma «kiran makanike a sa ranar duba birki». «Rahoton ƙarshen wata» ya koma «ciro alkaluman mako huɗu daga fayil ɗin tallace-tallace a zuba su a tebur ɗaya». Idan abu yana buƙatar mataki fiye da ɗaya, babban aiki ne, sai a rubuta sunansa a wani shafi daban, a jerin yau da kullum kuma a sa matakinsa na gaba kaɗai. Ba dole ba ne ka tsara duk matakan tun yanzu. Na gaba ɗin shi ne wajibi, kuma kada ya wuce abin da za a gama a zama ɗaya, wato daga minti goma sha biyar zuwa casa'in. Duk abin da ya fi haka, a sake raba shi.

Marubuci David Allen, wanda ya yaɗa wannan tsari tun 2001, ya kawo ƙa'idar minti biyu: abin da bai wuce minti biyu ba, a yi shi nan take, domin rubuta shi da bibiyarsa sun fi yinsa cin lokaci. Ƙa'ida ce mai kyau, amma wurinta shi ne lokacin tantance jeri. Wanda ya ɗauke ta ya shiga da ita tsakiyar aiki mai nauyi zai wuni yana ƙananan abubuwa, babban aikin na nan yadda ya bar shi.

Akwai kuma abubuwan da ba a hannunka suke ba, kana jiran wani ne. Ka cire su ka yi musu shafinsu: me kake jira, daga wajen wa, ranar da ka nema, da ranar da za ka tuntuɓa idan ka ji shiru.

Lissafin da yawancin mutane ke tsallakewa

Nan ne aikin yake. A gefen kowane layi ka rubuta tsawon lokacin da kake ganin zai ci. Kada ka wahalar da kanka da neman daidai wa daida. Ka yi amfani da ma'auni biyar kawai: minti 15, minti 30, awa 1, awa 2, rabin yini.

Sai ka gyara ƙiyasin, domin kusan tabbas ka rage. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a tun 1979: mutane kan raina lokacin da aikinsu zai ɗauka, ko da sun sha yin irinsa sun ga yadda ya ja. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su kammala kundin bincikensu. A matsakaici suka ce kwana 33.9. Da aka ce su ƙiyasta idan komai ya lalace, suka ce 48.6. Abin da ya ɗauke su a zahiri kwana 55.5 ne, wato ya zarce har mafi munin zatonsu, kuma kamar kashi 30 cikin ɗari ne kawai suka gama a lokacin da suka faɗa. Dalili shi ne idan mutum yana ƙiyasi, hoton aikin yake gani yana tafiya sumul. Ba ya lissafa fayil ɗin da zai ɓace, ko wanda zai jira bai amsa ba, ko gyaran da za a dawo masa da shi.

Maganin wannan shi ne a daina tambayar kai «yaya zan yi wannan aikin?», a tambayi «da na yi irinsa a baya, nawa ya ci?». Kafin ka tara naka bayanan, ka ƙara wa kowane ƙiyasi rabinsa: awa biyu ta zama uku. Aikin da ba ka taɓa yin irinsa ba kuwa, ka ninka shi biyu. Sannan na tsawon mako biyu ka riƙa rubuta ƙiyasinka da ainihin lokacin da aikin ya ci. Ka raba na biyu da na farko, abin da ya fito shi ne naka ma'aunin, shi za ka riƙa amfani da shi daga nan gaba.

Ɗaya ɓangaren lissafin shi ne awannin da kake da su da gaske. Mu ɗauki misalin mai aikin awa 40 a mako. Taruka sun ci 8. Amsa imel, saƙonni da kiran waya sun ci 7. Abubuwan da ke faɗowa ba zato, da tambayoyin abokan aiki, da sauyawa daga wannan aiki zuwa wancan sun ci 5. Saura 20. Idan ayyukan da ya sa wa ransa yi a makon sun kai awa 34 a ƙiyasinsa na farko, bayan ƙarin rabi sun zama 51. Ke nan awa 31 ba su da wurin zama, komai ƙwazonsa. Alkaluman naka za su bambanta, amma sai ka fitar da su a rubuce. Mutane da yawa ba sa son ganin wannan lamba, alhali ita ce ke sauke wa mutum nauyin zargin kansa, ta kuma nuna masa girman abin da zai yanke.

Yadda ake yankewa

Hanyoyin rage jeri huɗu ne: sokewa, ɗagewa, miƙa wa wani, da rage girman aikin.

Kafin ka zaɓa, ka raba abin da ke da muhimmanci da abin da ke da gaggawa kawai. Shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya ambaci wannan bambanci a wani jawabi a 1954, daga baya Stephen Covey ya mayar da shi jadawali mai gida huɗu a 1989. Amfanin rabon shi ne yana tona wani abu da ke faruwa kullum: aiki mai gaggawa yana zuwa da mai tunatarwa, waya na ƙara, wani na tsaye a kanka, shi kuwa mai muhimmanci marar gaggawa, kamar karatun jarrabawar da ta rage wata uku, ko ganin likita, ko koyon abin da zai ɗaga ka a sana'a, babu mai tuna maka shi sai ranar da ya zama matsala. Wanda ya bar gaggawa ta riƙa zaɓa masa, ya saki reshe ya kama ganye. Idan abubuwa suka yi kama da juna a idonka, ka yi wa kowanne tambaya ɗaya: idan ban yi wannan ba har wata guda, me zai faru, kuma wa zai shafa? Ka amsa da takamaiman abu, kamar tara, ko rasa abokin ciniki, ko tsayar da aikin wasu. Duk layin da amsarsa ita ce «babu komai», ya shiga sahun sokewa.

Sokewa ita ce mafi wuya, saboda mutum yana jin kamar ya karya alkawari. Amma aikin da ya yi wata biyu a jeri ba a taɓa shi ba, kuma babu abin da ya lalace, an riga an soke shi a aikace, rubutun ne kawai ya rage. Idan akwai wanda ke jira, ka sanar da shi. Idan hannunka ya ƙi gogewa, ka buɗe shafin «wata rana» ka kai shi can, ka riƙa duba shafin sau ɗaya a wata.

Ɗagewa ba ta zama ɗagewa sai da rana. «Daga baya» ba rana ba ce. Ka sa masa kwanan wata a kalanda, ka cire shi daga gabanka har ranar.

Miƙa aiki yakan lalace ne ta wajen bayani. Wanda ka ba wa yana buƙatar sanin abu huɗu: sakamakon da ake so, ranar da ake so, iyakar abin da zai iya yanke hukunci a kai ba tare da ya dawo wajenka ba, da ranar da za ku duba inda aka kwana. Idan ɗaya ya ɓace, aikin zai dawo hannunka a ƙurarren lokaci, kuma sai ka fara warware abin da aka yi kafin ka gyara.

Rage girma ita ce hanyar da aka fi mantawa da ita, kuma sau da yawa ita ta fi ba da awanni. Rahoton da ka shirya yi shafi goma, ta yiwu mai karɓarsa shafi biyu yake so. Taron awa ɗaya zai iya zama kiran minti goma sha biyar. Kafin ka fara duk wani aiki da zai ci fiye da awa biyu, ka tambayi mai shi wane irin abu yake tsammani da kuma me zai yi da shi.

Idan ayyukan daga shugabanka suke zuwa, ba kai kaɗai za ka yanke ba, kuma cewa «ayyuka sun yi mini yawa» ba ta cika amfani ba, domin ba ta ba shi abin da zai yi hukunci a kai. Ka je da lissafin a hannu: «Yallaɓai, a makon nan ina da kamar awa ashirin na aiki. Rahoton kuɗi zai ci goma sha biyu, shirin taron Alhamis takwas, wannan sabon kuma goma. Wanne kake so in fara gamawa, wanne kuma zai jira zuwa mako mai zuwa?» Ka yi wannan magana tun farkon mako. Wa'adin da aka nemi sauyawa da sauran kwana biyar, shawara ce ake yi. Wanda aka nema ana gobe, matsala ce aka kawo.

Daga jeri zuwa kalanda

Babban jeri ma'ajiya ce, ba shi ake kallo ana aiki ba. Kowace rana a ciro kaɗan daga ciki: babban aiki ɗaya wanda idan shi kaɗai aka gama ranar ba ta tafi a banza ba, matsakaita biyu, sai ƙanana da za a haɗa a yi su a zama ɗaya. A rubuta su a wata takarda daban, a rufe babban jerin.

Sannan kowanne a ba shi lokaci da wuri. Peter Gollwitzer ya daɗe yana bincike a kan wannan. A wani gwaji da ya wallafa tare da Veronika Brandstätter a 1997, an nemi ɗalibai su rubuta rahoto a lokacin hutu. Waɗanda aka sa suka faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su rubuta sun cika alkawarin fiye da ninki biyu na waɗanda ba su faɗa ba. Saboda haka maimakon «zan yi rahoto gobe», ka rubuta «ƙarfe 9 zuwa 10:30, a tebur, kafin in buɗe imel, zan rubuta sashen farko». An riga an yanke shawara, idan lokacin ya yi sai farawa kawai.

Ka sa aiki mafi nauyi a lokacin da kanka ya fi sakewa. Ga mutane da yawa safiya ce, ga wasu kuma yamma ko dare. Mako ɗaya na lura zai nuna maka naka. Kada ka cika kalanda dam. Ka tsara kamar kashi 60 cikin ɗari na ranar, ka bar sauran ga abin da zai faɗo, domin zai faɗo. Ranar da aka cika ta daga farko zuwa ƙarshe, jinkirin minti ashirin da safe ya isa ya rushe ta gaba ɗaya, kuma wanda tsarinsa ya rushe kwana uku a jere yakan daina tsarawa.

Aikin da ba shi da wa'adi kuma ka sa masa iyaka da kanka. C. Northcote Parkinson ya rubuta a 1955 cewa aiki yakan buɗe ya cinye duk lokacin da aka ba shi. Wasiƙar da aka ba wa rabin awa takan ƙare a rabin awa, wadda aka bar wa yini kuma ta ci yinin.

Kada ka buɗe ayyuka da yawa a lokaci guda

Akwai wata ƙa'idar lissafi da John Little ya tabbatar a 1961 game da layin jira, kuma ta shafi tebur ɗin kowa. Matsakaicin lokacin da aiki ke ɗauka daga farawa zuwa gamawa daidai yake da yawan ayyukan da ke buɗe idan aka raba su da yawan waɗanda ake gamawa a mako. Idan kana gama biyar a mako kuma ka buɗe ashirin, kowanne zai yi kimanin mako huɗu a hannunka. Idan biyar ka buɗe, mako ɗaya. Ƙoƙarinka bai canja ba, amma a hali na farko mutum ashirin ne ke jiranka suna kira suna tambaya, kuma amsa musu ma wani aikin ne.

Don haka ka sa wa kanka iyaka: manyan ayyuka uku a buɗe, ba ƙari. Hanya mai sauƙi ita ce allo ko shafi mai gida uku, «jira», «ana yi», «an gama», irin tsarin kanban da ya samo asali daga masana'antar Toyota a Jafan. Sabon aiki ba ya shiga gidan tsakiya sai wani ya fita. Idan wani abu na gaggawa ya zo da gaske, ka mayar da ɗaya baya da saninka, ka rubuta inda ka tsaya.

Kare lokacin da ka ware

Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna yadda ma'aikata ke amfani da kwamfuta. A 2004 mutum kan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya kafin ya sauya. A binciken da ta yi daga baya abin ya sauko zuwa kimanin daƙiƙa 47. Kuma ba duk katsewar ce daga waje take zuwa ba, da yawa mutum ne ke katse kansa. Sophie Leroy kuma ta nuna a 2009 cewa idan aka bar aiki ba a gama ba aka koma wani, wani ɓangare na hankali yakan tsaya a kan na farkon, sai na biyun ya samu ragowa.

Abin yi a nan ba shi da yawa. Ka kashe sanarwar duk manhajar da ba mutum ne ke nemanka da gaggawa ta cikinta ba. Lokacin babban aiki waya ta bar kan tebur, ta koma jaka ko wani ɗaki. Imel da saƙonni a ware musu lokaci biyu ko uku a rana, minti ashirin zuwa talatin kowanne, a kuma sanar da abokan aiki cewa idan abu ba zai jira ba su kira. Ka ajiye takarda a gefe. Duk abin da ya faɗo maka a rai kana aiki, ka rubuta shi a layi ɗaya ka ci gaba. Idan dole ta sa ka tashi, ka ɗauki minti ɗaya ka rubuta inda ka tsaya da abin da za ka fara yi idan ka dawo.

Ga wanda zama ke yi wa wuya, tsarin da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a Italiya a ƙarshen shekarun 1980 yana taimakawa: aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Ya fi dacewa da karatu da ayyukan da ake ƙyashin farawa. Rubutu mai zurfi ko lissafi mai sarƙaƙiya kuwa, ƙararrawar minti 25 takan katse mutum daidai lokacin da ya nutsa, gara a ja zaman zuwa minti 50 ko 90. Hutun kuma a tashi tsaye a motsa jiki. Wanda ya yi hutunsa a cikin waya yakan dawo da kai a cike.

Aikin da kake ta ɗagawa

Duk layin da ya tsallaka daga jerin yau zuwa na gobe har sau uku, kada ka sake kwafe shi yadda yake. Ka tsaya ka gano abin da ya riƙe shi. Ko dai bai fayyace ba, sai a sake rubuta matakin farko. Ko ya yi girma, sai a raba. Ko akwai abin da ya rasa, kamar wata takarda ko amincewar wani, to neman wannan abin shi ne ainihin aikin. Ko kuma yana ɗauke da wani abu marar daɗi: tsoron kuskure, ko magana mai nauyi da za a yi da wani. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayani a 2013 cewa jan ƙafa yawanci hanya ce ta guje wa ɓacin rai na ɗan lokaci, ana samun sauƙi yanzu a bar wa gobe nauyin. Tsawata wa kai ba ya magance wannan, ƙara wa aikin ɗaci yake yi. Abin da ke aiki shi ne ƙanƙanta mashigar: ka yi alkawarin minti goma kawai, ka buɗe fayil ɗin ka rubuta jimla uku ko da ba su yi kyau ba, ko ka rubuta abin da za ka faɗa kafin ka ɗaga waya. Idan minti goma ya cika kana da damar tsayawa, amma sau da yawa za ka tarar ka ci gaba.

Bita

Tsarin nan ba ya tsayuwa sai da bita iri biyu. Ta kullum minti goma ce a ƙarshen aiki: a soke abin da aka gama, a shigar da sababbin da suka zo, a zaɓi na gobe. Tana da wani amfanin ma. A wani gwaji da Michael Scullin ya jagoranta a Jami'ar Baylor, aka wallafa a 2018, mutum 57 sun yi rubutu na minti biyar kafin su kwanta. Barci ya ɗauki waɗanda suka rubuta ayyukan da ke gabansu kimanin minti tara kafin waɗanda suka rubuta abin da suka riga suka gama, kuma waɗanda suka fi fayyace jerinsu sun fi saurin barci.

Ta mako kuma minti 30 zuwa 45 ce, a rana ɗaya tsayayya. A tattara abin da ya warwatse, a tabbatar kowane babban aiki yana da matakinsa na gaba, a duba shafin waɗanda ake jira a tuntuɓi wanda ya yi shiru, a leƙa kalandar mako biyu masu zuwa, sannan a sake lissafin awanni. Wannan bitar ce ake fara yarwa idan aiki ya yi zafi, kuma daga ranar da aka yar da ita jerin ke fara tsufa har a daina yarda da shi.

Idan hakan ta faru, ko rashin lafiya ko tafiya ta sa komai ya cakuɗe, kada ka ce sai ka biya duk bashin da ya taru. Ka ɗauki sabuwar takarda, ka rubuta abin da wa'adinsa ke cikin kwana bakwai masu zuwa kaɗai, ka aika wa duk wanda ke jiranka gajeren saƙo da sabuwar ranar da za ka iya cikawa, sauran kuma su jira bitar mako.

Kada kuma ka cike giɓin da awannin barci ko na hutu, sai dai na kwana ɗaya ko biyu idan babu makawa. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma wanda bai samu ba yakan yi aiki a hankali da kurakurai, gobe ya ɓata lokaci yana gyara su. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana da alaƙa da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da aikin awa 35 zuwa 40. Idan ka yi lissafi mako huɗu a jere, ka soke, ka ɗage, ka miƙa, amma har yanzu abin da ake nema a wajenka ya fi awanninka, to aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka haɗa lissafin makonni huɗun a shafi guda, ka nuna abin da aka gama, abin da ya rage da awannin kowanne, ka nemi zama da wanda ke raba aikin domin a cire wani abu, ko a ƙara hannu, ko a ja wa'adi.